Muhawara: Za a ƙone duniyar nan ne, ko za a sabunta ta?

Malamar makarantar Lahadi:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina da tambayar da ta hana ni sukuni tun ranar Lahadi. Muna cikin darasi a kan zuwan Yesu na biyu, sai wata yarinya 'yar shekara 9 ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan Yesu ya dawo, ina itatuwa da tsuntsaye za su je?" Na amsa mata da sauri cewa duk za su wuce, mu kuwa za mu tafi sama. Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Da dare na buɗe Romawa 8, na karanta daga aya ta 19 zuwa ta 22, inda Manzo Bulus ya ce halitta kanta tana ɗokin ganin bayyanar 'ya'yan Allah, kuma za a 'yantar da ita daga bautar ruɓewa. Idan har za a 'yantar da ita, to, ta yaya za a ce kuma za a hallaka ta? Ina tsoron kada in zama na koya wa yarinyar abin da Littafi Mai Tsarki bai faɗa ba. Ku taimake ni.

Dattijon ikilisiya:
'Yata, ki kwantar da hankalinki, domin amsar da kika bayar ita ce wadda aka rene mu a kanta. Ki duba 2 Bitrus 3:10. Manzon ya ce ranar Ubangiji za ta zo kamar ɓarawo, sammai za su shuɗe da ƙara mai ƙarfi, abubuwan da ke cikinsu kuma za su narke da zafin wuta. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kira masu bangaskiya baƙi da masu wucewa a duniya, Yahaya ya ce duniya da sha'awarta suna shuɗewa, Bulus ɗin nan da kika ambata kuma shi ne ya gaya wa Filibiyawa cewa mu 'yan ƙasar sama ne. Shekaruna sun ja, na ga yadda ƙaunar abin duniya take shiga zuciyar mai bi da sunan wata sabuwar koyarwa. Baƙo ba ya gina zuciyarsa a masauki.

Malamin tauhidi:
Baba, na gaishe ku, kuma gargaɗinku game da ƙaunar duniya yana nan daram, ba mai ja da shi. Amma ku ba ni dama mu karanta surar Bitrus ɗin daga sama, domin kafin ya yi maganar wuta ya fara da maganar ruwa. A aya ta 5 zuwa ta 7 ya ce duniyar da take a dā ta hallaka ta wurin ruwan tsufana, sannan ya ce sammai da ƙasa na yanzu an ajiye su domin wuta. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: wace irin hallaka ce ta faru a zamanin Nuhu? Da ruwa ya janye, Nuhu bai sauka a wata duniya dabam ba. Jirgin ya tsaya a kan duwatsun Ararat, kurciya ta dawo da ɗanyen ganyen zaitun a bakinta, mutumin kuma ya fito ya noma wannan ƙasa ɗin dai. Abin da ruwan ya share shi ne mugunta da zaluncin da suka cika ta. Tun da Bitrus da kansa ya jera hukuncin biyu kafaɗa da kafaɗa, ina ganin ya dace mu fahimci na biyun da hasken na farkon.

Akwai kuma wani abu a ƙarshen aya ta 10. Wasu fassarori suna cewa duniya da ayyukan da ke cikinta za su ƙone, amma biyu daga cikin tsofaffin kwafe-kwafen Helenanci mafi daraja, na ƙarni na 4, wato wanda aka samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan, suna ɗauke da kalmar da ke nufin "za a same su", wato za a tone su, a bayyana su a fili. Ba zan gina dukan hujjata a kan kalma ɗaya da kwafe-kwafai suka sha bamban a kanta ba. Sai dai ma'anar ta yi daidai da yadda Nassi ya saba maganar wutar Allah: Malakai 3 ya kira ta wutar mai tace azurfa, Bulus kuma a 1 Korantiyawa 3 ya ce wuta za ta gwada aikin kowa, zinariya ta tsaya, ciyawa ta ƙone. Maƙeri ba ya sa ƙarfe a wuta don ya rasa shi.

Game da Filibiyawa 3:20 kuwa, Baba, ku ci gaba da karatu har ƙarshen aya ta 21. Ta ce daga saman ne muke sauraron Mai Ceto, wanda zai sāke jikin nan namu na ƙasƙanci ya zama kamar jikinsa na ɗaukaka. Shi ne mai zuwa wurinmu. Haka ma a Wahayin Yahaya 21, Sabuwar Urushalima saukowa take yi daga sama, murya kuma ta ce mazaunin Allah yana tare da mutane.

Unguwarzoma:
Ni ba malama ba ce, amma ina so in sa baki a kan kalma ɗaya. Bulus ya ce dukan halitta tana nishi irin na naƙuda. Na shafe fiye da shekara 20 ina karɓar haihuwa, na kuma zauna kusa da gadon masu mutuwa ba sau ɗaya ba, saboda haka kunnena ya san bambancin nishin nan biyu. Nishin mai mutuwa raguwa yake yi, numfashin yana nisa da juna, hannun da ke riƙe da naka yana sakewa a hankali. Nishin mai naƙuda kuwa ƙaruwa yake yi, ciwon yana matsowa kusa da kusa, matar tana damƙe hannuna har sai yatsuna sun yi tsami, kuma daidai lokacin da take cewa ba za ta iya ba, a lokacin ne kan jaririn yake bayyana. Manzon yana da kalmomin mutuwa da yawa da zai iya zaɓa, amma ya zaɓi ta haihuwa. Kuma ban taɓa ganin haihuwar da ake murnar mutuwar uwa a cikinta ba. Uwar da ta sha wahalar ita ce ake miƙa wa jaririn. Da wannan kunnen nake jin Romawa 8, shi ya sa nake tare da Malam.

Dattijon ikilisiya:
Malam, na karanta abin da ka rubuta sau biyu, kuma maganar ruwan tsufana ta shige ni, ban taɓa lura da ita haka ba. Mama, Allah ya sa albarka a hannuwanki. Amma ban gamsu ba tukuna. Wahayi 21:1 ta ce sama ta fari da duniya ta fari sun shuɗe. Ibraniyawa 1 ta ce za su tsufa kamar tufa, a naɗe su kamar mayafi. Sura ta 12 kuma ta yi maganar kawar da abubuwan da ake iya girgizawa. Waɗannan kalmomi ba na gyaran gida ba ne. Idan Allah ya ce sabuwa, me ya sa za mu ce tsohuwa ce aka wanke?

Fasto:
Baba, tambayarku ta kai mu tsakiyar maganar, kuma a ganina amsarta tana kabarin Yesu. Mu tambayi kanmu: jikin da ya tashi ranar Lahadi, tsohon ne ko sabo? Idan muka ce sabo ne dabam, to, me ya sa kabarin ya zama wofi? Allah yana da ikon barin gawar a inda take ya halitta wa Ɗansa wani jiki, amma bai yi haka ba. Jikin da aka gicciye shi ne aka tayar. A Luka 24 Yesu ya ce wa almajirai su taɓa shi su gani, domin fatalwa ba ta da nama da ƙashi, har ya ci abinci a gabansu. Idan kuma muka ce tsohon ne kawai ya farfaɗo, kamar na Li'azaru wanda daga baya ya sāke mutuwa, mun yi kuskure, domin wannan jikin ya tsaya a tsakiyarsu alhali ƙofofi suna kulle, mutuwa kuma ba ta da sauran iko a kansa. Shi ne, amma an sāke shi sarai. Bulus ya kira shi nunan fari, kuma nunan fari yana nuna irin girbin da ke tafe.

Ku lura kuma da 2 Korantiyawa 5:17, inda aka ce duk wanda ke cikin Almasihu sabuwar halitta ne, tsofaffin al'amura sun shuɗe. Kalmar "sabo" a nan da wadda ke Wahayi 21 tushensu ɗaya ne a Helenanci. Baba, ranar da kuka tuba, tsohon mutum ya shuɗe da gaske, amma ba a shafe ku aka kawo wani a madadinku ba, har yau ku ne. Wanda ke zaune a kursiyin kuma cewa ya yi yana sabunta dukan abubuwa. Saboda haka na yarda da ku cewa kalmomin suna da nauyi, ba shafa fenti ba ne, mutuwa ce da tashi. Ƙwayar da Bulus ya kwatanta a 1 Korantiyawa 15 sai ta mutu a ƙasa, amma tsiron da ke fitowa nata ne.

Wannan gardama tsohuwa ce. A ƙarni na 2 wani mai suna Markiyon ya koyar da cewa wanda ya halicci duniyar nan wani allah ne na ƙasa, dabam da Uban Yesu, ikilisiyar Roma kuma ta fitar da shi a shekara ta 144. Wasu ƙungiyoyi na zamanin suna ɗaukar jiki a matsayin kurkukun da rai zai tsere daga cikinsa. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar Faransa ta yau, ya mayar musu da martani wajen shekara ta 180, ya ce asalin halitta ba ya ɓacewa, domin wanda ya kafa ta mai aminci ne, fasalin duniyar nan ne ke shuɗewa. Shi ya sa shahadar bangaskiya da aka kammala a Kustantiniya a shekara ta 381 ta fara da Allah Mahaliccin sama da ƙasa, ta ƙare da sauraron tashin matattu da rayuwar zamani mai zuwa. Ba ina cewa Baba yana bin Markiyon ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna dalilin da ya sa iyayenmu na farko suka tsaya tsayin daka a kan cewa abin da Allah ya duba a Farawa 1:31 ya ce yana da kyau ƙwarai, ba zai bar wa Shaiɗan shi ba.

Matashi:
Ranku ya daɗe, ina bin maganar da kyau, amma wani abu ya ɗaure mini kai. Kolosiyawa 1:20 ta ce ta wurin jinin gicciyensa Allah yana sulhunta dukan abubuwa da kansa, na ƙasa da na sama. Bitrus kuma a Ayyukan Manzanni 3:21 ya yi maganar lokacin maido da dukan abubuwa. Idan "dukan" yana nufin dukan, ashe ke nan kowa zai tsira a ƙarshe, har da Iblis?

Malamin tauhidi:
Ƙanena, ba kai ne farkon wanda ya yi wannan tambaya ba. Orijin na Iskandariya, babban malami na ƙarni na 3, ya karkata ga wannan ra'ayi, kuma an yi Allah wadai da koyarwar a ƙarni na 6, zamanin Sarki Yustiniyan. Dalilin a bayyane yake. Littafin Wahayi da ya ba mu sabuwar sama da sabuwar duniya shi ne ya ce a 20:10 an jefa Iblis a tafkin wuta, ya kuma ce a 21:27 babu abin ƙazanta da zai shiga birnin. Sabunta halitta ya ƙunshi fitar da mugunta daga cikinta, kuma wannan fitarwar ita ce hukunci. Ka karanta ƙarshen Zabura 96, za ka ga abin mamaki: teku yana ruri, filaye suna murna, itatuwan jeji suna waƙa, dalilin kuwa shi ne Ubangiji yana zuwa ya yi wa duniya shari'a. Ga ƙasar da ta sha jinin Habila, ranar shari'a ranar 'yanci ce. Bulus kuma bai tsaya a aya ta 20 ba, nan da nan ya gaya wa Kolosiyawa cewa sulhun nasu ne muddin sun dage cikin bangaskiya.

Wani uba:
Ban saba rubutu a nan ba, karatu kawai nake yi, amma yau ba zan iya yin shiru ba. Ɗana ya rasu bara yana da shekara 14, bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Ni nake ɗaukarsa a bayana, kuma har yanzu idan na sunkuya ina jin kamar nauyinsa yana nan, da yadda yake sa haɓarsa a kafaɗata ta dama yana gaya mini abin da yake hangowa. Masu ta'aziyya da yawa sun ce mini ya huta, ya rabu da jikin da ya wahalar da shi. Na san da kyakkyawar niyya suka faɗa, amma maganar tana sukata, domin jikin nan shi nake wa wanka, fuskar nan ita na sani. Fasto, idan abin da kuka faɗa gaskiya ne, zan ga yaron nan da na sani, ko wani ne dabam?

Fasto:
Ɗan'uwana, Ubangiji ya ta'azantar da kai da mahaifiyarsa. Masu ta'aziyyar sun faɗi rabin gaskiya: yaronka yana tare da Almasihu yanzu, kuma Bulus ya ce wannan ya fi kyau nesa. Amma begenmu bai tsaya a nan ba, domin a Romawa 8:23 abin da muke jira shi ne fansar jikinmu. Yaronka za ka gani. Maryamu ta gane Yesu da ya kira sunanta, Toma kuma ya gane shi da gurbin ƙusoshi, domin Ubangiji ya tashi da tabon raunukansa, sai dai ba su ƙara yi masa ciwo ba. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi tunani a kan wannan, ya ce mai yiwuwa za mu ga tabon shahidai a jikinsu na tashi, ba a matsayin naƙasa ba, sai dai alamar daraja. Ishaya 35:6 kuma ta ce gurgu zai yi tsalle kamar barewa. Mai tsalle yana bukatar ƙafafu, ƙafafu kuma suna bukatar ƙasar da za su taka. Shekarun da ka yi kana goyonsa suna gaban Allah, kuma ina sa zuciya ƙwarai cewa yaron da ke gaya maka abin da yake hangowa daga kafaɗarka zai riga ka isa wurin da gudu.

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, na yi kuka da na karanta saƙonka. A kan tashin jiki babu saɓani tsakanina da Fasto ko kaɗan, kuma na yarda cewa jikin da ya tashi dole ya sami wurin zama. Abin da ya rage mini shi ne tsoro. Na ga inda aka fara da irin wannan magana, aka ƙare da wa'azin dasa itatuwa da tsabtar muhalli, gicciye kuwa aka ajiye shi gefe. Idan mun ce duniyar nan za a sabunta, kada matasanmu su ɗauka cewa mu ne za mu sabunta ta da hannunmu.

Malamin tauhidi:
Baba, tsoronku yana da tushe. Birnin daga wurin Allah yake saukowa, babu wanda ya aza masa tubali daga ƙasa, kuma Ɗan Ragon da aka yanka shi ne fitilarsa. Wanda ya cire gicciye ya cire abin da ke sulhunta halittar. Amma akwai haɗari a ɗaya gefen ma, kuma na sha jin sa da kunnena: mai bi ya ce tun da komai zai ƙone, babu laifi a zuba guba a kogi ko a gallaza wa dabba. Aikin farko da aka ba Adamu a Farawa 2:15 shi ne ya noma gonar ya kuma kiyaye ta. Littafin Firistoci 25 ya ba ƙasa hutunta a kowace shekara ta 7, kuma 2 Tarihi 36:21 ya danganta shekara 70 na zaman bauta da hutun da ƙasar ta rama. Wahayi 11:18 ta ce lokaci na zuwa da za a hallaka masu hallaka duniya. Taron Lausanne na 3, babban taron shugabannin Kirista kan yaɗa bishara a duniya, wanda aka yi a Cape Town ta Afirka ta Kudu a 2010, ya haɗa abubuwan biyu ba tare da sakin ɗaya ba, ya ce kula da halitta yana ƙarƙashin shaidarmu cewa Yesu Ubangiji ne. Mun san jikinmu zai mutu, amma muna kai marar lafiya asibiti, domin jikin na Ubangiji ne kuma zai tashe shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda Bulus ya rufe doguwar surarsa ta tashin matattu, wato 1 Korantiyawa 15: bai ce mu naɗe hannu mu jira ba, ya ce mu yawaita cikin aikin Ubangiji, domin wahalarmu ba a banza take ba.

Malamar makarantar Lahadi:
Na gode muku duka. Baba mahaifin yaro, muna tuna ku a addu'a a gidanmu. Jiya na je na sami yarinyar tare da mahaifiyarta, na ce mata amsar da na ba ta ba ta cika ba. Mun buɗe Farawa 9, ta karanta da bakinta cewa alkawarin bakan gizo Allah ya yi shi da Nuhu da kowane mai rai, har da tsuntsaye da dabbobi. Mun karanta Ishaya 11, inda kyarkeci ke zama da ɗan rago, ƙaramin yaro kuma yana bi da su. Sannan muka je Wahayi 22, ta ga kogi da itacen rai mai ba da 'ya'ya sau 12, ganyensa kuma na warkar da al'ummai. Da ta kai wurin sai ta ɗago kai ta ce, "Ashe akwai itace." Daga nan ta gaya mini abin da ke ranta tun farko: wani tsuntsu ne da take ba hatsi a tagarta ya mutu, tana so ta san ko shi ɗin zai dawo. Ban yi mata alkawarin da Nassi bai yi ba. Na karanta mata Matiyu 10:29, cewa ko gwara ɗaya ba ta faɗuwa ƙasa ba da sanin Ubanmu ba, na ce mata wanda ya lura da faɗuwar tsuntsunta shi ne mai sabunta dukan abubuwa.

Dattijon ikilisiya:
Kin yi daidai, 'yata, kuma komawar da kika yi wurin yarinyar ta fi amsar kanta daraja a wurina. Malam, Fasto, na karɓi maganar ruwan tsufana da ta kabari wofi. Ibraniyawa 12:27 ce har yanzu ban ga yadda ta zauna cikin bayaninku ba, musamman inda ta kira abubuwan da za a kawar "abubuwan da aka halitta". Zan sāke karanta ta tare da Haggai 2, inda marubucin ya ɗauko maganar girgizawar, sannan in dawo muku da abin da na gani kafin ranar Lahadi.